The Shadows: Yaran Cliff Richard Ne Ko Ƙungiya Mai Zaman Kanta?

Wani mai sha'awar tsofaffin kaɗe-kaɗen Turawa ya aiko da tambaya cewa ya ga faifai da dama an rubuta sunan Cliff Richard tare da The Shadows, sannan ya ga waɗansu da sunan The Shadows kaɗai, waɗanda babu ko baiti ɗaya na waƙa a cikinsu sai kiɗa zalla. Yana son ya san ko mutanen nan yaran Cliff Richard ne kawai ko ƙungiya ce mai zaman kanta, kuma me ya sa ba a ambatonsu yadda ake ambaton The Beatles.

Duka biyun gaskiya ne, kuma a lokaci guda. Daga ƙarshen 1958 zuwa ƙarshen 1968 su ne makaɗan mawaƙin Birtaniya Cliff Richard, su ne ke tsaye a bayansa a dandamali da ɗakin ɗaukar sauti da fina-finai, kuma a cikin waɗannan shekarun ne suka fitar da nasu faifan, har guda biyar daga ciki suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin faifan da suka fi ciniki a Birtaniya. Abin da ya fi cancantar a yi bayaninsa shi ne yadda aka yi suka riƙe matsayin biyu na tsawon shekara goma, domin kusan duk takwarorinsu na wancan zamani ɗaya kawai suka samu, ko su dawwama a bayan maigida, ko su rabu da shi su nemi na kansu.

A shekarun 1950, lokacin da kiɗan rok ya fito a Amurka, mawaƙi shi ne mai suna, makaɗa kuwa ma'aikata ne masu albashi. Mai karatu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin kowa ya san sunan Mamman Shata, amma kaɗan ne za su iya lissafa masu kalangun da suka yi shekaru suna binsa. Scotty Moore mai jita da Bill Black mai bes, waɗanda da su aka gina sautin Elvis Presley tun 1954, sun ajiye aiki a 1957 saboda ƙarancin abin da ake biyansu, a daidai lokacin da maigidansu ke tara dukiya. A Birtaniya lamarin ya fi haka tsanani, saboda kamfanonin faifai ba su yarda cewa samarin da suka koyi jita da kansu za su iya aikin ɗakin ɗaukar sauti ba, don haka sai a kira makaɗan haya, manyan mutane masu karanta rubutaccen kiɗa, su yi aikin cikin sa'a uku a biya su su tafi.

Haka aka yi wa Cliff Richard a faifansa na farko. Sunansa na yanka Harry Webb, an haife shi a Lucknow ta ƙasar Indiya a 1940, ya tashi a garin Cheshunt da ke arewa da Landan, kuma yana da 'yar ƙungiyarsa mai suna The Drifters wadda ta ƙunshi abokansa irin su Terry Smart mai ganguna da Ian Samwell mai jita. Da furodusan kamfanin Columbia, Norrie Paramor, ya shigar da su ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a watan Yulin 1958 don ɗaukar "Move It", waƙar da Samwell ya rubuta, sai ya kawo makaɗan haya biyu, Ernie Shear ya ja gaba da jita, Frank Clarke ya riƙe bes. Waƙar ta kai matsayi na biyu, kuma nan take aka shiga matsala, domin an shirya wa Cliff zagayen wasanni a watan Oktoba tare da tagwayen mawaƙan Amurka, Kalin Twins, alhali ba shi da mai jitar da zai iya maimaita a dandamali abin da Shear ya yi a faifai.

Manajansa na lokacin, John Foster, ya nufi wani ɗan shagon gahawa mai suna 2i's a titin Old Compton da ke unguwar Soho. A ƙarƙashin shagon akwai wani ɗan matsattsen ɗaki mai zafi inda samari masu neman suna ke taruwa suna kiɗa kowane dare, kuma da yawa daga taurarin farko na rok a Birtaniya daga nan suka fito. Foster ya je neman Tony Sheridan ne, bai same shi ba, sai aka nuna masa wani siririn yaro mai tabarau irin na mawaƙin Amurka Buddy Holly, wanda ake kira Hank Marvin. Yaron ya amince zai bi su, amma da sharaɗin a ɗauki abokinsa Bruce Welch. Su biyun 'yan makaranta ɗaya ne a Newcastle, can arewacin Ingila, sun taso a cikin guguwar kiɗan skifil wanda Lonnie Donegan ya yaɗa a 1956, kiɗan da ba ya buƙatar komai sai jita mai arha da allon wanki da akwatin ganyen shayi da aka ɗaura wa sanda da igiya. Sun zo Landan a watan Afrilun 1958 don wata gasa, ba su ci ba, suka ƙi komawa gida. Lokacin da aka ɗauke su babu wanda ya cika shekara 17 a cikinsu.

A cikin wannan zagaye ne suka haɗu da Jet Harris, wanda ke kaɗa wa wasu mawaƙa daban, kuma yana cikin mutanen farko a Birtaniya da suka riƙi jitar bes mai lantarki da gaske. Ya maye gurbin Samwell, sannan a farkon 1959 Tony Meehan, yaro ɗan shekara 15, ya karɓi ganguna daga hannun Smart. Ke nan cikin 'yan watanni babu ko mutum ɗaya daga abokan Cliff na asali da ya rage, kuma mutum huɗun da tarihi ya sani suka haɗu: Marvin, Welch, Harris da Meehan. Sunan The Drifters ma bai daɗe ba, domin akwai fitacciyar ƙungiyar mawaƙa a Amurka mai wannan suna tun 1953, kuma an nuna musu cewa za a je kotu. Harris ne ya kawo sunan The Shadows a tsakiyar 1959.

Tun a wannan shekara ya bayyana cewa ba masu jiran umarni ba ne kawai. Waƙar "Living Doll", wadda Lionel Bart ya rubuta don wani fim, an tsara ta ne da sauri irin na rok, kuma Cliff bai so ta ba. Welch ya ba da shawarar a sassauta ta, a kaɗa ta a natse irin kiɗan karkarar Amurka, kuma a wannan siffa ce ta zama waƙar Cliff ta farko da ta hau matsayi na ɗaya. Paramor ya ba su kwantiragin kansu a Columbia, amma faifai uku na farko da suka fitar, biyu na waƙa ɗaya na kiɗa, babu wanda ya shiga jadawali. Da a nan labarin ya tsaya, da yau sunansu yana cikin jerin makaɗan da sai masu bincike ke tunawa da su.

Abin da ya sauya lamarin sauti ne, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata, domin duk darajar ƙungiyar a kansa ta rataya. Tun bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin Birtaniya ta taƙaita shigo da kayan Amurka saboda ƙarancin dala, har da kayan kiɗa, don haka samari ke fama da jitocin Turai masu taurin tsirkiya. A 1959 Cliff ya yi odar jita daga kamfanin Fender ya ba Marvin. Sun so su sayi irin wadda James Burton, mai jitar Ricky Nelson, ke kaɗawa, sun san Fender ce amma ba su san wace iri ba, sai suka zaɓi mafi tsada a cikin littafin tallan kamfanin, wato Stratocaster ja mai ƙarafa ruwan zinariya. Daga baya aka gano cewa Burton Telecaster yake riƙewa. Wannan kuskure ya yi musu rana, domin Stratocaster tana da wani ɗan ƙarfe a gindin tsirkiyoyi wanda in an danna shi ko an girgiza shi sautin ke lanƙwasa yana rawa. Marvin ya saba riƙe wannan ƙarfe a cikin tafin hannunsa na dama yayin da yake kaɗawa, ta yadda duk sautin da ya ja sai ya ɗan girgiza shi a ƙarshe kamar yadda mawaƙi ke yi da maƙogwaro.

Abu na biyu na'urar amsa-kuwwa ce ƙirar Italiya mai suna Meazzi, wadda mawaƙi Joe Brown ya nuna masa. Aikinta shi ne ta ɗauki sautin da aka kaɗa ta maimaita shi sau da dama a jere bayan ɗan ƙanƙanin lokaci, kowane maimaici ya fi na gabansa rauni. Idan Marvin ya dafe tsirkiya da gefen hannunsa ya kaɗa gajeren sauti, na'urar sai ta mayar da shi kamar sukuwar doki. Idan ya saki tsirkiyar ya ja dogon sauti, sai ya cika ɗaki. Na uku shi ne amfilifayar Vox, wato akwatin ƙara ƙarfin sautin jita, wadda kamfanin Jennings ke ƙerawa a Dartford. Sun fara da AC15, mai ƙarfin wat 15, amma ihun 'yan mata a wasannin Cliff yana danne ta, wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanin ya fito da AC30 mai ninkin ƙarfinta, wadda daga baya The Beatles da Brian May na ƙungiyar Queen suka riƙa. Haɗuwar waɗannan abubuwa uku ta ba da jita mai tsabtar sauti wadda ke iya ɗaukar karin waƙa daga farko har ƙarshe, ta tsaya daidai inda mawaƙi zai tsaya, mai sauraro kuma bai ji an rage masa komai ba. Ƙungiyar da ta mallaki irin wannan murya tana iya hawa dandamali ko maigida yana nan ko ba ya nan.

Saura kari mai kyau, shi kuma Jerry Lordan ya kawo. A wani zagayen wasanni a 1960 wannan marubucin waƙoƙi ya kaɗa musu wani kari a kan 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ake kira ukulele, ya ce sunansa "Apache". Tsohon gwanin jita Bert Weedon ya riga ya ɗauke shi, amma kamfaninsa bai fitar ba, kuma Lordan bai gamsu da yadda ya kaɗa shi ba. The Shadows suka ɗauka a Abbey Road ranar 17 ga Yunin 1960. Welch ya ari jitar Cliff marar lantarki, Gibson J-200, ya yi rakiya da ita, Cliff da kansa kuma, wanda babu abin da zai rera, ya zauna ya buga wata 'yar gangar Sin da ake ji a farkon faifan. Paramor ya so a sa wani kiɗan daban a gaban faifai a tura "Apache" baya, sai da 'yarsa ta saurara ta zaɓi "Apache" sannan ya sauya ra'ayi. A watan Agusta faifan ya hau matsayi na ɗaya ya yi mako biyar, kuma abin da ya ture daga wurin shi ne "Please Don't Tease", waƙar Cliff wadda su suka kaɗa masa, kuma Welch na cikin waɗanda suka rubuta ta.

A nan ne irin wannan tafiya takan watse, ko maigida ya ji kishi, ko yara su ga sun isa. Dalilan da suka hana hakan, a ganina, uku ne da ke haɗe da juna. Kusan sa'o'in juna ne, sun yi fama tare a motar haya da ɗakunan kwana masu arha kafin kowa ya yi kuɗi, don haka dangantakar ba ta taɓa zama ta ubangida da bara ba. Sannan furodusa ɗaya ke kula da su, daga baya kuma manaja ɗaya, Peter Gormley, waɗanda suka ga cewa suna biyu a allon talla ya fi ɗaya kawo ciniki, sai aka tsara wasanni ta yadda The Shadows za su fara nasu kason su kaɗai kafin Cliff ya fito su koma bayansa. Mafi muhimmanci kuwa, Cliff yana buƙatarsu ta fuskar da ta wuce kiɗa, domin su ne ke rubuta masa waƙoƙi: Welch da Brian Bennett, mai gangunansu na daga baya, suka rubuta "Summer Holiday", Welch da Cliff suka rubuta "Bachelor Boy". Makaɗin da ke karɓar kason marubuci ba ya cikin halin da Scotty Moore ya samu kansa.

Daga 1960 zuwa 1963 kusan duk abin da suka fitar ya shiga goman farko: "Man of Mystery", "F.B.I.", "The Frightened City", sai "Kon-Tiki" da ya kai na ɗaya a 1961. A 1962 "Wonderful Land", wani karin na Lordan wanda Paramor ya ƙara wa goge da ƙahonni, ya yi mako takwas a matsayi na ɗaya, kuma ni a wurina shi ne ƙololuwar aikinsu, ko da yake masu son tsantsar rok sun ga cewa gogen ya yi masa laushi. Manyan faifansu biyu na farko, na 1961 da na 1962, duk sun hau na ɗaya. A dandamali kuma sun fito da wata 'yar rawa ta taku, su uku masu jita suna jefa ƙafa tare gaba da baya cikin kwat iri ɗaya, abin da dubban samari suka kwaikwaya a zaurukan makarantu da na coci.

Ana cikin wannan nasara rabin ƙungiyar ya tafi. Meehan ya bar su a watan Oktoban 1961 ya koma aikin furodusa a kamfanin Decca, Brian Bennett ya gaje shi kuma ya zauna har ƙarshe. Harris, wanda shan giya ya fara lalata masa aiki da zama da mutane, ya fita a watan Afrilun 1962, Brian Locking ya karɓi bes na ɗan lokaci kafin ya bari a 1963 don ya ba da kansa ga addininsa na Shaidun Jehobah, sannan John Rostill ya shigo. Masu cewa ƙungiyar ta rasa wani kaifi bayan tafiyar Harris da Meehan suna da hujja, domin Harris ne mai kamannin ɗan tawaye a cikinsu, kuma kiɗansa na da nauyi da duhu da waɗanda suka biyo baya ba su nema ba.

Duba jadawalin watanni huɗun farko na 1963 ya isa ya nuna girman da suka kai da kuma inda abin ya juya. Shekarar ta buɗe da faifan Cliff mai ɗauke da "Bachelor Boy" a matsayi na ɗaya, sai "Dance On!" na The Shadows ya ture shi, sai "Diamonds" na Harris da Meehan, waɗanda suka haɗu su biyu kuma Lordan ya rubuta musu, ya ture wannan. Frank Ifield ya ratsa na mako uku, shi ma Paramor ne furodusansa, sannan "Summer Holiday" ya hau, "Foot Tapper" na The Shadows ya karɓa, "Summer Holiday" ya sake dawowa. A tsakiyar Afrilu sai Gerry and the Pacemakers daga Liverpool suka hau, a farkon Mayu The Beatles suka biyo da "From Me to You". Daga nan ƙaramin faifan The Shadows na kansu bai sake hawa matsayi na ɗaya ba.

Wannan ya kawo mu ɓangare na biyu na tambayar. The Beatles ba su ƙirƙiro tsarin jita biyu da bes da ganguna ba. Buddy Holly da The Crickets sun riga sun nuna shi a Amurka tun 1957, The Shadows kuma suka mai da shi abin da kowane saurayi ya ɗauka shi ne ma'anar ƙungiya. The Beatles da kansu sun ɗauki wani kiɗa marar waƙa a Hamburg a 1961, wanda George Harrison da John Lennon suka tsara a kan salon Marvin suka kira shi "Cry for a Shadow", kuma a lokacin suna aiki ne a matsayin makaɗan Tony Sheridan, mutumin nan da Foster ya je nema bai samu ba. Abin da The Beatles suka sauya shi ne sun haɗe mawaƙi da makaɗi da marubuci a jikin mutum ɗaya, ta yadda tsarin tauraro a gaba da makaɗa a baya ya zama tsohon yayi cikin shekara guda. Kiɗa marar waƙa ma kasuwarsa ta faɗi, domin matasan 1964 suna son kalmomin da za su rera.

The Shadows ma sun taimaka wajen tsufar da kansu. Tare da Cliff suka karkata ga nishaɗin iyali, suka yi fina-finai masu sauƙin labari irin su The Young Ones na 1961 da Summer Holiday na 1963, suka rubuta kiɗan wasannin Kirsimeti a gidan wasa na London Palladium, suka fito a ciki. Aiki ne mai kawo kuɗi, kuma sun yi shi da ƙwarewa, amma a shekarun da rok ke zama harshen tawayen matasa, ƙungiyar da iyaye ke so ba ta da wurin zama a labarin da 'yan jarida suka rubuta daga baya. A 1964 sun ajiye Fender sun koma jitar Burns ƙirar Ingila mai ɗauke da sunan Marvin, suka gwada waƙa da bakinsu a wasu faifai, amma cinikin ya ci gaba da raguwa, Cliff kuma ya ƙara yawan aiki da manyan makaɗan goge ba tare da su ba.

Babban dalili kuwa shi ne Amurka, inda ba su taɓa samun faifai ko ɗaya da ya yi kasuwa ba. "Apache" ya yi suna a can, amma ta hannun wani mai jita ɗan Denmark, Jørgen Ingmann, wanda nasa ya kai matsayi na biyu a 1961. Amurkawa na da nasu gwanayen kiɗan jita, Duane Eddy da The Ventures, don haka ba su ga abin da za su nema a Landan ba. Abin takaici ga The Shadows shi ne wata ƙungiyar ce ta makaɗan baya, The Tornados masu kaɗa wa Billy Fury, ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a ƙarshen 1962 da "Telstar". Tunda mafi yawan tarihin rok da duniya ke karantawa daga Amurka aka rubuta shi, ko kuma an fara ƙirga na Birtaniya daga The Beatles, sai shekaru biyar ɗin da suka gabata suka zama kamar share fage. A wajen Amurka labarin daban ne, domin kiɗan da ba shi da kalmomi ba ya buƙatar tafinta. Sun yi wasanni a Afirka ta Kudu da Ostireliya da Singafo a 1961, kuma a ƙasashen arewacin Turai da kudu maso gabashin Asiya ƙungiyoyin jita masu kwaikwayonsu sun yi yawa, har a Finland salon ya samu sunansa na gida, rautalanka.

Sauran tarihin ana iya taƙaita shi. Welch ya fita a ƙarshen 1968, ƙungiyar ta watse. Shi da Marvin suka haɗu da wani ɗan Ostireliya, John Farrar, suka gwada waƙar haɗa murya da sunan Marvin, Welch & Farrar, amma duk inda suka je jama'a "Apache" suke kira, don haka a 1973 suka dawo da tsohon suna, a shekarar da Rostill ya rasu. A 1975 sun wakilci Birtaniya a gasar waƙa ta ƙasashen Turai, Eurovision, a Stockholm, da waƙar baki, suka zo na biyu a bayan Holan. Tarin tsofaffin kiɗansu da kamfanin faifai na EMI ya fitar a 1977 ya hau matsayi na ɗaya ya dawo da su kasuwa, suka shiga kaɗa karin waƙoƙin wasu da na fina-finai, kuma sun sayar da faifai masu yawa da wannan har zuwa rabuwarsu a 1990. Ban ɗauki aikin wannan zango da muhimmanci ba, domin gwaninta ce ba tare da neman sabon abu ba. Sun yi zagayen bankwana a 2004 da 2005, sannan suka sake haɗuwa da Cliff a 2009 don cikar shekara 50. Meehan ya rasu a 2005, Harris a 2011.

Inda tasirinsu ya fi fitowa fili shi ne a hannun waɗanda suka gaje su, har da waɗanda kiɗansu bai yi kama da nasu ba ko kaɗan. A 1996 an fitar da wani faifan girmamawa mai suna Twang!, inda Ritchie Blackmore na Deep Purple da Tony Iommi na Black Sabbath da Brian May da Mark Knopfler da Peter Green da Neil Young kowa ya kaɗa ɗaya daga kiɗan The Shadows. Waɗannan mutane ne da suka kai jita wuraren da Marvin bai taɓa nufa ba, amma da karinsa da yawansu suka koyi sa yatsa a kan tsirkiya, saboda kari ne mai sauƙin bi ga mai koyo, mai wuyar kaɗawa da tsabta. Shi kansa "Apache" ya sake rayuwa ta wata hanya da babu wanda ya zata: wata ƙungiyar makaɗan haya a Amurka, Incredible Bongo Band, ta sake ɗaukarsa a 1973 da doguwar gaɓar ganguna, DJ Kool Herc da takwarorinsa a unguwar Bronx ta New York suka riƙa maimaita wannan gaɓa a wuraren rawa, ta zama ɗaya daga tubalan kiɗan hip-hop. Sai dai gangunan ne suka ɗauka, jitar Marvin ba ta cikin wannan gado.

Idan mai tambaya na son ya gwada maganar da kunnensa, ya saurari "Move It" na 1958 da makaɗan haya suka ja, sannan ya saurari "Please Don't Tease" da "Apache" a jere, waɗanda mutum huɗu ɗaya suka kaɗa a shekara ɗaya, ɗaya da mawaƙi ɗaya babu. A sauraro na biyu ya bar bin jitar Marvin ya kasa kunne ga ta Welch da ke ƙarƙashinta, domin wannan rakiya marar gargada, wadda ba ta gaba ba ta baya, ita ce ke riƙe da faifan biyu, kuma ita ce ɓangaren da masu kwaikwayonsu suka fi kasa yi daidai.